Bulon Masu Rai

Ranar da aka kawo bulon, Shawna tana bakin titi tun kafin rana ta leƙo ta bayan dutse, tana jiran motar Miss Opal. Motar ba ta zo ba. Wata babbar mota ce ta zo, ta shiga farfajiyar gidan surukinta da baya, ƙarti suka hau sauke jan bulo suna jerawa a gefen gidan tirelan da take kwana, dab da tagarta. Wani irin bulo ne mai santsi kamar an shafa masa mai, ba irin wanda ake gini da shi ba. Jar ƙurarsa ta tashi ta sauka a kan wankin da ta shanya.

Surukin nata, Vernon Stidham, ya fito baranda riƙe da kofin kofi, yana nuna musu inda za su ajiye da haɓarsa. Tun da aka haifi jikarsa Josie kowa a gidan yake kiransa Papaw, matarsa Glenda kuma Mamaw.

"Papaw, ko ka ga wucewar Miss Opal?"

"Injin motarta ya buga jiya a kan gada," in ji shi, bai ko dube ta ba. "Tun bara nake faɗa mata. Motar da ta girmi fasto, me ake jira?"

"To ni yaya zan yi in je asibitin?"

"Matsa daga nan, 'yar nan, kar su sauke miki a ƙafa. Kayan gunduma ne."

Asibitin yana birni, bayan duwatsu biyu da kogi. Kowace safiya Shawna takan tsaya a gaban wata 'yar taga, nas ta miƙo mata jan ruwa a ɗan kofin roba, ta shanye a gabanta, ta buɗe baki a gani. Jan ruwan nan shi yake kwantar da jikinta ya daina kukan neman ƙwaya. Ba a ba mutum ya tafi da shi gida, sai ya je da ƙafarsa. Alƙali kuwa ya faɗa mata da bakinsa: idan ta riƙe maganin ba fashi har zaman kotu na lokacin zubar ganye, za a mayar mata da 'yarta. Kafin nan Josie tana babban gida wurin kakanninta. Daga tagar tirela Shawna tana hango labulen ɗakinta.

Miss Opal, tsohuwa ce 'yar cocinsu, ita take kwasar masu shan jan ruwan a tsohuwar motar coci, don Allah kawai. Ta ga motar tana tari, shi ya sa tun da bazara ta je gaban majalisar gunduma ta roƙi a saya sabuwa da kuɗin ƙwaya.

Kowa a garinsu na Sable Creek ya san kuɗin ƙwaya. Kamfanonin da suka cika kwarin nan da ƙwayoyi har suka fi mutanensa yawa, an kai su kotu, sun yarda za su biya. Kuɗi ya sauka a babban birnin jiha. Jiha ta ɗebi nata, ta kafa kwamiti, kwamiti ya haifi ƙaramin kwamiti, abin da ya rage aka yayyafa wa gundumomi da sharaɗi guda: a kashe shi wajen rage raɗaɗi. Abin mamaki, kalmar nan ce dai a jikin kwalbar da likita ya fara ba Lonnie, mijin Shawna, ranar da rufin ramin kwal ya rufto masa a baya. Maganin rage raɗaɗi. Kalma ta tafi yawon duniya ta dawo sanye da kwat.

Vernon yana cikin dattawan majalisar. Suka saurari Miss Opal, suka yaba mata, suka ce Allah ya yi mata albarka. Sannan suka sayi sababbin motocin 'yan sanda, sauran kuma suka ce za a yi lambun tunawa a gaban kotu, a rubuta sunan duk wanda ƙwaya ta kashe a kan jan bulo, a shimfiɗa a ƙasa.

Shawna ta tsaya tana kallon tarin yana tashi har ya kai ƙasan tagarta. Ta san mamatan garin nan, tare suka yi makaranta da rabinsu. Ba su kai haka ba.

"Papaw, ai wannan ya yi yawa."

"Na waɗanda suka rasu yana wurin mai sassaƙa suna," in ji shi. Sai a lokacin ya dube ta, fuskarsa cike da jin daɗin mutumin da ya yi dabara. "Wannan na ajiya ne. Sari ya fi araha. Kuma in ka bari sai baɗi ka sayo, launin ba zai zo ɗaya ba, lambu ya yi dabbare-dabbare. Shugabanci sai da hangen nesa."

Aka lulluɓe tarin da shuɗin tampol, aka danne da duwatsu.

A ranar, wani direban motar kwal ya rage mata hanya. Washegari ta ba maƙwabcinsu sandar kamun kifin Lonnie ya kai ta. Rana ta uku ba ta da sauran abin bayarwa, sai ta haura babban gida.

Glenda tana kicin tana juya wake a tukunya, burodin masara yana gasuwa. Josie tana zaune a kan tebur ana jiran a taje mata kai. Da ta ga uwarta ta diro da gudu.

"A hankali, a hankali," in ji Glenda. "Kar ki ɓata mata riga, yanzu na goge."

"Mamaw, don Allah ki kai ni birni. Shiga da fita ne kawai, ba zan ɓata miki lokaci ba."

"Wayyo, 'yata, da zan iya. Kin san jijiyoyina da hanyar dutsen nan. Ga kuma taron mata a coci."

"Taron ai na Laraba ne."

"Shirye-shiryensa fa?" Ta rage murya, ta dubi yarinyar. "Kuma ki duba mana. A ga motata a fake a ƙofar wurin nan? Matar ɗan majalisa? Kafin in dawo an gama da ni a shagon gyaran gashi."

Motoci uku ne a farfajiyar. Ta Vernon, ta Glenda, da a-kori-kurar Lonnie da ke ƙarƙashin rumfa tun rasuwarsa. Wata kaza mai wake-wake ta sami hanya ta gilashin da bai rufu ba, ta mayar da kujerar direba wurin ƙwai. Kullum da hantsi takan fito tana shela kamar ta dawo daga doguwar tafiya.

Shawna ta sami Vernon yana wanke tasa motar.

"Papaw, ba ni makullin motar Lonnie. Lasisina yana da kyau. Zan nemi na mai."

"Motar nan da sunana take. Inshora ba ta san mai shan magani ba. Ki kashe ɗan wani a hanya, wa za a kama?"

"To kai ka kai ni. Ai kana bi ta bakin kogin kullum."

Ya matse soso, ya girgiza kai kamar mai magana da yaro. "Bari in faɗa miki gaskiya don ina ƙaunarki. Abin nan da kike sha ba magani ba ne. Kin sauka daga kan jaki kin hau jaka, shi ke nan. Ubana ya bar giya rana ɗaya, a gaban bagadin coci, bai nemi mota ba. Abin da kike bukata gwiwa a ƙasa ne, ba taya a titi ba."

"Alƙali bai ce in durƙusa ba, cewa ya yi in sha."

"To alƙalin ya zo ya kai ki."

Ta koma tirela ta kira ofishin jiha mai kula da kuɗin. Wata murya ta sa ta danna wannan, ta danna wancan, aka sa mata kiɗa har kunnenta ya yi zafi. Can wata mace mai fara'a ta ɗauka. Ta ce jiha ta sauke nauyinta, kason gundumomi ya tafi tuni, su suka san bukatun mutanensu. Kason jiha kuma kwamiti yana nazarin yadda za a yi nazarinsa.

"Shawarata," in ji matar, "ki sami ɗan majalisar gundumarku ki yi masa magana ido da ido. Kin san wani a cikinsu?"

"Surukina ne. A bayan gidansa nake kwana."

"Kai, ai ke kin yi sa'a!"

Ranar da ta fara fashi, hamma ce ta fara zuwa, hamma ba ta barci ba, har muƙamuƙinta ya yi tsami. Sai hanci ya kama zuba. Washegari ƙafafunta suka ƙi zama wuri ɗaya, kamar tururuwa ta shiga cikin ɓargo tana gini. Zufa da sanyi a lokaci guda. Tana kwance tana kallon tampol ta taga. Da safe raɓa takan taru a kansa, bulon da ya leƙo ta gefe ya yi gumi kamar goshin mutum. Zanzaro ya fara ɗaura gida a tsakanin jeri biyu. Ta kama kanta tana zaɓar wa masu rai bulonsu: na sama a kusurwa, mai ɗan tabo, wannan ya yi kama da na Miss Opal in da tana sha. Wancan na ɗan gidan mai gyaran taya ne. Ta ja labule.

Ta tashi ta kama hanya a ƙafa. Motoci suna wuce ta, wasu sun san ta, su ɗaga yatsa daga kan sitiyari kamar yadda ake gaisawa, su ƙara wuta. Wani kunkuru yana tsallaka titi a gabanta, ta ɗauke shi ta ƙetarar da shi, ta ce masa, "Kai ma ba su tsaya maka ba ko?"

Mota ɗaya ce ta tsaya. Skeeter ne, mai sayar da ƙwaya, ya zuge gilashi yana murmushi da haƙoransa da suka rage.

"Shawna 'yar gari! Ina zuwa da rana haka? Kin ga yadda kika koma kuwa? Kamar kazar da aka tsamo daga rijiya."

"Wuce, Skeeter."

"Ni ban iya wuce mutum a hanya ba, ba haka aka rene ni ba. Shigo. Ina da abin da zai kwantar miki da ƙafafun nan kafin mu kai gada. Na farko kyauta, don Lonnie."

Ƙafafunta suka amsa kafin bakinta. Ta ji ta matsa taku ɗaya wajen motar. Sai ta riƙe ƙarfen gefen titi da hannu biyu, ta ƙanƙame shi kamar ruwa zai tafi da ita.

"Na ce ka wuce, ɗan banza!"

"Ba komai. Kin san lambata. Ni har gida nake kai wa mutane, ba sai sun tako ba."

Gaskiya ya faɗa. A duk faɗin gundumar nan, shi kaɗai ne yake kai nasa maganin har ƙofar ɗaki.

Ta isa birni an rufe taga. Ta kwana a wurin wata da suka saba haɗuwa a layi, da safe ta tsaya a gaban nas. Nas ta dubi na'ura, ta dube ta, ta ce fashin ya yi yawa, dole a mayar da ita ƙaramin awo kamar sabuwar zuwa, kuma dole a sanar da kotu. Ma'aikaciyar kula da yara ta kira ta ta ce ba a rasa komai ba tukuna. Zaman kotu Litinin ta sama ne. Idan ta koma kan magani, kuma ba ta shiga wata rigima da hukuma ba, alƙali zai iya ƙara mata lokaci.

Ranar Lahadi bayan coci aka kira ta cin abinci a babban gida, kamar yadda aka saba. Soyayyar kaza, dankali, shayi mai ƙanƙara. Vernon ya yi doguwar addu'a, ya sa har da waɗanda suka ɓace hanya. Ya hau ba da labarin bikin buɗe lambu ranar Asabar: wata babba za ta zo daga jiha, 'yan jarida za su zo, mai sassaƙa ya gama sunaye.

"A ina aka sa na Lonnie?" in ji Shawna.

Cokalin Glenda ya tsaya a iska.

"Josie, je ki ba kaji ɓawon nan," in ji ta. Yarinyar ta fita.

"Lonnie ba ya cikin waɗannan mutanen," in ji Vernon a hankali. "Ɗana zuciya ce ta kashe shi. Haka yake a rubuce a takardar mutuwarsa."

"Abokinka ne ya rubuta. Ni na ɓalle ƙofar banɗakin, Papaw. Ni na zare masa allura daga hannu kafin ka iso, don ka ce mini a waya in zare."

"Ki bar kaza cikin gashinta," in ji Glenda, idonta ya kawo ruwa. "Me zai ƙara miki? Wanda ya tafi ya tafi."

"Zai ƙara wa Josie. An ce mata ubanta waliyyi ne, uwarta ce ƙazama. Shi ya fara ba ni rabin ƙwayarsa ranar da na haihu bayana ya riƙe. Ban ce mugu ba ne. Ciwo ɗaya ne ya kama mu, shi ya kashe shi, ni ina kokawa da shi a bayan gidanku, ga motoci uku a tsakar gida, kaza tana ƙwai a ɗaya!"

Vernon ya buga tebur har ƙanƙara ta yi ƙara a kofuna. "A gidana! A kan abincina! Mun ba ki wurin kwana, mun ba ki wuta da ruwa. Wa zai yi miki haka? Danginki suna ina?"

"Mota kawai na roƙa."

"Mu kai ki, ki sha, ki dawo ki ɗauke ta?" Glenda ce ta faɗa, kuma da gani maganar ta kufce mata ne. Ta rufe baki da tsumman hannu, amma ta riga ta fita, sai ta ƙarasa cikin kuka. "Ita kaɗai ta rage mana. Dariyarsa ce a bakinta. Mun yi wa ɗakinsa fenti saboda ita. Ki kai ta wani ɗakin haya a birni, mu kuma mu zauna mu kalli bango?"

Shawna ta dubi ɗaya, ta dubi ɗaya. Ashe ba jijiyoyi ba ne, ba inshora ba ne, ba kuma gwiwa a ƙasa ba. Jira suke yi. Kowace safiya da ta tsaya a bakin titi, ta labule suke kallonta suna jira.

"Yarinyar nan jinin Stidham ce," in ji Vernon, ya ɗauki cinyar kaza. "Ba mu hana ki komai ba. Ba mu ɗaure miki ƙafa ba."

Satin nan ta yi shi yadda ta iya. Wata rana ta sami mai rage mata hanya, wata rana ba ta samu ba. Ƙaramin awon ba ya kai ta yamma. Ta yanke shawara: bayan Asabar za ta koma birni, ta kwana ko a gidan marasa galihu ne, kusa da tagar nan, har ranar kotu da bayanta. Su ce ta gudu ta bar 'yarta, su faɗa.

Ranar Juma'a da yamma Vernon ya ƙwanƙwasa ƙofar tirela, abin da bai taɓa yi ba.

"Gobe ki sa rigar kirki. Baƙuwar tana son ta ga wanda yake farfaɗowa, a ɗauki hoto. Ki shirya da wuri, mu tafi tare. Akwai wuri a mota."

Akwai wuri a mota.

Da ya tafi ta ɗaga gefen tampol, zanzaro ya taso, ta zaro bulo ɗaya, mai ɗan tabon nan na kusurwa. Ta samo ragowar farin fentin da aka yi wa shinge, ta tsinke reshe ta tauna bakinsa. Haruffan suka fito a karkace kamar na ɗan aji ɗaya. Ta bar shi a kan taga ya bushe.

Asabar gari ya cika a gaban kotu. Sababbin motocin 'yan sanda suna jere, an kunna fitilunsu suna wulƙawa ba jiniya, yara suna leƙa fuskokinsu a jikin fenti. Lambun ya yi kyau, ba za a hana shi ba. Furanni, benci, jan bulo a shimfiɗe da sunaye, iyaye mata suna sunkuye suna neman nasu da yatsa. A gefe an bar fili mai faɗi da yashi lallausa, an daidaita shi sarai, yana jira.

Baƙuwar jiha ta ce za ta kai labarin gundumar nan babban birni a matsayin abin koyi. Aka tafa. Vernon ya karɓi abin magana, ya cire hula.

"Annobar nan ba ta bar gidan kowa ba," in ji shi, muryarsa tana rawa daidai inda ya kamata. "Har nawa ta leƙo. Ga surukata nan, matar marigayi ɗana. Mun riƙe ta, ba mu yar da ita ba. Matso, 'yata, su gan ki."

Shawna ta matso. Ba ta tsaya a gefensa ba. Ta wuce shi, ta buɗe jaka, ta durƙusa a bakin yashin nan, ta dasa bulon a jikin na ƙarshe, ta danna shi da tafin hannu. Farin rubutu a kan ja, ana hango shi daga benci na baya: LONNIE STIDHAM.

Wurin ya yi tsit, har ana jin igiyar tuta tana bugun ƙarfe. Rabin mutanen nan sun sani tun ranar jana'iza. Mai ɗaukar hoto ya ɗaga na'urarsa, ya dubi Vernon, ya sauke.

"Ba ta da lafiya," in ji Vernon cikin abin magana. "Kun dai gani da idonku abin da muke fama da shi. Wani ya cire wannan."

Glenda ta juya fuskar Josie ta manna a cikinta. Amma yarinyar ta fara koyon karatu, kuma sunan mahaifi shi ake fara koya.

Shawna ba ta bari wani ya taɓa shi ba. Ta ciro abinta, ta kakkaɓe yashin, ta rungume shi a ƙirji. Ta tsaya a gaban 'yarta ta ce, "Ina zuwa, Josie. Litinin za ki gan ni." Ta ratsa taron, aka dare mata, ta kama titin birni. Ranar Asabar da azahar ake rufe taga. In ta sami mai tsaya mata, za ta iske.

Ta wuce gidan mai, ta wuce gada. Sai ta ji mota tana tafe a bayanta a hankali, ba ƙara, irin tafiyar sabon inji. Boyd Fugate ne a ciki, ɗan sandan da suka zauna benci ɗaya a makaranta. Ya fito yana murza hularsa.

"Shawna."

"Boyd. Ka yi kyau a cikinta."

"Kar ki sa abin ya yi mini wuya. An shigar da ƙara. Ɗaukar kayan gunduma da ɓata shi."

"Bulo ɗaya?"

"Na ce wa surukinki haka. Ya ce ba shi ba ne, doka ce, kuɗin jama'a ne, in aka bar ɗaya gobe kowa zai zo ya ɗiba." Ya kasa haɗa ido da ita. "Sai Litinin za a ga alƙali."

"Litinin ina da wani alƙalin."

"Na sani."

"Ana ba da jan ruwa a can?"

"Kin san ba a bayarwa. An nema, aka ce babu kuɗi."

Ta yi dariya, wata irin dariya da ta sa tsuntsaye suka tashi daga kan waya. Ya buɗe mata ƙofar baya. Ledar kamfani tana nan a kan kujera ba a ɓare ba, tana ƙara da ta zauna. Sanyi mai daɗi, ƙamshin sabon abu. Ta ɗora bulon a cinya. Ƙafafunta da suka yi kwanaki suna bin titin nan suka sami hutu.

Gaba kaɗan hanya ta rabu biyu. Hagu birni, dama gidan yari.

"Boyd," in ji ta ta cikin ragar ƙarfe. "Hagu. Shiga da fita ne kawai. In sha a gabanka, sannan ka kai ni duk inda aka ce. Da kuɗin Lonnie aka sayi motar nan. Da kuɗina."

Ya tsaya a mararrabar, ya daɗe, hannunsa a kan sitiyari. Na'urar da ke manne a gaban motar tana nuna wa ofis duk inda take, ita ma sabuwa ce. Ya kunna sigina. Ta dama ce ta kama ƙiftawa.

Haka kuɗin rage raɗaɗi ya zo ya ɗauki Shawna a ƙarshe, har bakin titi, ba ta biya ko sisi ba.

Litinin aka kira sunanta a kotun yara, ba ta amsa ba, tana tsare a gidan yari tana amai a bokiti. Vernon ya miƙe cikin kwat ya ce sun yi iyakar ƙoƙarinsu, Allah shaida ne. Aka bar musu Josie. A babban birni an buga hoton lambun a bangon rahoton shekara, an yanke gefen da yashi yake.

Tarin yana nan a bayan gidan Stidham, ƙarƙashin shuɗin tampol. Masu tafiya birni a ƙafa da sassafe sukan rage sauri in sun zo daidai wurin, su dube shi, su wuce. Miss Opal ta daina bi ta hanyar gaba ɗaya. Lokaci-lokaci a ga mai sassaƙa ya zo ya ɗauki ɗaya ko biyu, kuma gaskiyar Vernon, launin yana zuwa daidai.

Bulon Shawna kuwa yana ɗakin ajiyar shaida na 'yan sanda, a kan kanta, tsakanin wata tsohuwar bindiga da injin yankan ciyawa na sata. Doka ta ce ba a goge shaida, ba a taɓa ta. Duk gundumar nan, can ne kaɗai aka rubuta sunan Lonnie Stidham a inda ya dace, kuma ubansa ne da kansa ya sa aka kulle shi da makulli don kar ya ɓace.